Taku Na Ashirin Da Uku

A gasar Pantami, tebur na bakwai,
wata yarinya daga Kaltungo ta zauna gabana,
Rifkatu Yila, shekara goma sha biyu,
ƙafarta ba ta ko taɓa ƙasa.
Ni kuwa gwanin cesi na Tudun Hatsi,
wanda 'yan dako kan sauke buhu su kalla.
Kafin a kira la'asar ta gama da ni,
ta miƙo hannu, ta ce, "Sannu, Baba,"
ta fita neman awara.

Na bi Malam Kwairanga, alƙalin wasa,
na roƙi takardun da aka cike.
Ya ce, "Na wa?" Na ce na kowa.
Ya zubo min su a ledar burodi,
wasa arba'in da ɗaya, wasu da maiƙon ƙosai,
wasu da rubutu kamar tonon kaza.

Tun daga ranar, in na rufe littafin awo,
na gama lissafin masara da wake,
sai in shimfiɗa allo a zaure.
Dakarena ɗaya ya ɓata tun bara,
ƙwallon dabino ke gadi a gurbinsa.
Ni ne fari, ni ne baƙi,
damata na bin wani ɗan Azare,
haguna na bin wani malamin Kumo,
mutanen da ban san muryarsu ba
amma na san inda tsoro ke kama su.

Nakan rufe layin gaba da katin waya,
in ce, "To Bappayo, kai me za ka taka?"
In zaɓa, sannan in ja katin ƙasa.
Cikin goma, takwas na faɗi.
Ni kullum ci nake hange,
su kuwa wuri suke gyarawa,
kamar magini mai duba indararo
tun hadari bai haɗo ba.

Dudu ta leƙo ta ce tuwo ya huce.
"Kai da wa kake ta faɗa?"
Na ce da mutanen da ba sa nan.
Ta ce, "Allah ya ba mai gaskiya sa'a."

Wasa arba'in na bi, ɗaya na ɓoye,
nawa, can a ƙasan leda.
Gani ga wane ba ya da ɗaci,
gani ga kai ne maɗaci.
Daren da aka ɗauke wuta a Herwagana
na kunna tocila, na jera shi.

Taku na ashirin da uku.
Sarauniyata na cin kasuwa a gidan yarinya,
dokina ya leƙo ta katanga,
ita kuwa sai ta matsar da sarkinta
gida ɗaya tak, zuwa lungu.
Ranar har murmushi na yi:
yarinya ta tsorata!
Kwana tara ina kallon takun nan,
a na goma na gane:
hanya ta share wa soronta,
barazanar da na tara ta bi ruwa,
dakaren da na haɗiye da gaggawa
ashe tana ce a bakin ƙugiya.
Dara ta ci gida tun a nan,
sauran taku goma sha huɗu rakiyar gawa ce.

Kakana da ke dara a gindin cediya
yakan shafe ramuka da tafi in an tashi,
wasan jiya ba shi da shaida.
Ni kuskurena a rubuce yake,
da birona, da sa hannuna a ƙasa,
ana iya komawa a gaishe shi.

An ce gasa ta gaba a Bauchi, bayan salla.
Na fara tara kuɗin mota a gwangwanin madara.
Jiya Hammadu mai shayi ya kawo min hari,
hannuna ya zabura zai cafke dokinsa,
sai na mayar da shi aljihu,
na tsaya, na duba sarkina.
Ya ce, "Bappayo, shayinka zai huce."
Na ce, "Bar shi ya huce."